Wa Zai Binciki Abin Da Ke Kashe Matanmu?

Jama'a, akwai wani aiki da ba kasafai a kan ji labarinsa a kasuwa ko a zaure ba, amma kuwa ya shafi ɗakin ko wane ɗayanmu. Watau aikin mutanen nan da ke zaune a jami'o'i da manyan asibitoci suna binciken abin da ke kashe mata wajen haihuwa, da abin da ke ɗauke jarirai tun ba a yi suna ba. In an ce likita, kowa ya san mai duba marar lafiya ya rubuta magani. In an ce malamin jami'a, an san mai karantarwa. Amma mai bincike, wanda ya haɗa biyun nan, sa'an nan ya ƙara da ƙirga da gwaji da rubutu, mutane kaɗan ne suka san da shi, balle har su yi wa ɗansu ko 'yarsu sha'awar aikin. Mun ga ya kamata mu tsaya a kansa makon nan, don masu yinsa ba su da yawa a wajenmu, waɗanda a ke da su suna ta ficewa, kuɗin aikin kuwa yawancinsa na baƙi ne.

Bari mu fara da lissafi, tun da 'yan kasuwa mu ke wa magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2023 mata kimanin 260,000 suka mutu a duniya duka ta dalilin ciki ko haihuwa. Daga cikinsu kimanin 75,000 'yan Nijeriya ne, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. In ka raba wannan bisa kwanakin shekara, za ka sami mata fiye da 200 ko wace rana. A ce motocin haya goma sha ɗaya masu ɗaukar mutum goma sha takwas sun kife a hanyar Zariya rana ɗaya, ba wanda ya fita, ai da ƙasar nan ta ɗauka har majalisa ta zauna. To, haka a ke yi kullum, sai dai a ɗaki-ɗaki a ke yi, bayan labule, shi ya sa ba a ji.

Wani abin kunya kuma, wannan adadi ƙiyasi ne. Masana ne suka zauna a Janiba suka haɗa 'yan alkalumman da suka samu, suka auna suka fitar. Mu da kanmu ba mu da littafin da aka rubuta matan nan. Mace ta cika da asuba a ƙauye, kafin azahar an kai ta, ba wanda ya rubuta ko ina cewa jini ne ya tsinke mata, ko jijjiga ce, ko doguwar naƙuda. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna cewa a Arewa maso Yamma, cikin haihuwa shida kusan ɗaya ce kurum a ke yi a asibiti. Sauran biyar ɗin fa? Ko wane ɗan tireda ya san cewa wanda ba ya rubuta bashi ba ya sanin inda jarinsa ya zurare.

Cikin waɗanda suka fara zama suka yi mana wannan ƙirga da gaske akwai Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Abonnema ta Jihar Ribas, wanda ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello. Daga 1976 zuwa 1979, shi da abokan aikinsa suka rubuta labarin haihuwa 22,774 da aka yi a asibitin jami'ar a Zariya, ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake. Shekarun mace nawa, tsawonta nawa, haihuwa ta nawa ce, ta yi awo ko ba ta yi ba, ta yi makaranta ko ba ta yi ba, ta tashi ko ba ta tashi ba, ɗan ya rayu ko ya koma. A lokacin kuwa ba kwamfuta a teburin kowa kamar yau. Sai a 1985 aka buga sakamakon cikakke a wata mujallar likitocin mata ta Ingila. Ku duba fa, shekara tara tsakanin fara aiki da ganin amfaninsa. Wane ɗan kasuwa ne cikinmu zai sa jari a hajar da ba ta juyawa sai bayan shekara tara? Wannan shi ne dalili na farko da ya sa aikin nan ba ya yiwuwa sai hukuma ta ɗauke wa mai yinsa tunanin abin da zai ci.

Abin da littafin Zariya ya nuna, har yau yana nan yana aiki. Mata fiye da 200 suka mutu cikin waɗanda aka ƙirga, mafi yawansu kuwa waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da abu ya ɓaci a gida aka ɗauko su ranga-ranga. Waɗanda suka yi awo suna da lafiya, mutuwa cikinsu kaɗan ce ƙwarai. Ya kuma nuna cewa matan da suka shiga makaranta, ko da kaɗan ne, sun fi tsira, su da 'ya'yansu. Har wa yau ya nuna hatsarin da ke kan yarinyar da ta ɗauki ciki tun ƙashinta bai gama girma ba, yadda kan ɗa ke tokarewa a ƙugu har a ƙare da yoyon fitsari. Harrison da mutanensa suka gano wani abin mamaki a nan, watau 'yan matan nan in aka ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini tun cikin yana ƙarami, da yawansu su kan ƙara tsawo kafin su haihu. Shekara biyu bayan fitowar wannan aiki, a 1987, aka yi babban taro a Nairobi inda duniya ta fara ɗaukar mutuwar masu haihuwa a matsayin abin da za a yaƙa, kuma aikin Zariya na cikin hujjojin da suka farkar da mutane.

Mun san abin da waɗansu za su ce, cewa ajali ne, in ya zo ba makawa. Ajali gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma ga wani labari daga Kano a auna. Jijjiga, wadda ke kama mai ciki ko mai naƙuda ta yi ta taune-taune har ta fita hayyacinta, tana cikin manyan masu kashe matanmu. Akwai wata allura mai araha, maganisiyam salfet. Tun 1995 gwaji ya nuna ta fi maganin da a ke amfani da shi a lokacin, a 2002 kuma wani gwaji da aka yi da mata kimanin 10,000 a ƙasashe 33 ya nuna tana rage aukuwar jijjigar da rabi ga masu hawan jinin ciki. Duk da haka ba ta isa yawancin asibitocinmu ba. Sai a 2008 aka shigar da ita manyan asibitoci goma na Jihar Kano, likitoci irin su Jamilu Tukur na Asibitin Malam Aminu Kano suka koya wa ma'aikata yadda a ke ba da ita, suka kuma zauna suka ƙirga. Kafin allurar, cikin mata ɗari da ciwon ya tsananta gare su kimanin 21 ke mutuwa. Bayan ta, kimanin biyu. Allurar nan tana duniya shekara da shekaru. Abin da aka rasa shi ne 'yan gida waɗanda za su ɗauko ta, su gwada ta a ɗakin haihuwarmu da ma'aikatanmu, su kai wa hukuma alkalami a hannu. Matan da suka mutu cikin shekarun jiran nan, wa zai ba da lissafinsu?

Haka zancen zubar jini bayan haihuwa, wanda ya fi kome kashe masu haihuwa a duniya. Da ido unguwarzoma kan kimanta jinin da ya zuba, ga zane ya sha, ga ƙasa ta sha, kafin a farga mace ta yi fari fat. Aka yi wani gwaji a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kusan rabinsu a ƙasar nan, da mata fiye da 200,000. Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya ne suka jagorance shi, a Nijeriya kuwa Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta riƙe ragama. Dabarar ba ta da wuyar faɗi. A shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da ma'auni a jiki, jinin ya taru a ga iyakarsa. Da ya kai rabin lita, ba jira, a yi mata kome gaba ɗaya: a murza mahaifa, a ba da allurar da ke matse ta, a ba da allurar tsai da jini, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya. Da aka buga sakamako a 2023, aka ga a asibitocin da ke bin tsohuwar hanya rabin masu zubar jinin kurum a ke ganewa, a masu ledar kuwa fiye da tara cikin goma. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin 100. Kafin shekarar ta fita Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe su bi wannan hanya. Ashe ɗiyar Arewa na iya yin aiki a Kano har a canja yadda a ke karɓar haihuwa a ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba.

Akwai kuma tambayoyin da ba mai yi mana su in ba mu ba, don mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. A ƙasar Hausa a kan sami mata da yawa da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya, mai jego ta kasa kwanciya sai a zaune. Abin ya fi yawa a nan bisa kusan ko ina a duniya. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka bi mata fiye da 200 masu wannan ciwo, suka ɗora zargi a kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Shekara arba'in a ke karantar da wannan a makarantun likita. Sa'an nan Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka sake ɗaukar maganar, suka tattara mata fiye da 400 daga asibitoci daban-daban na ƙasar nan, suka buga a 2020. Su ba su sami shaidar cewa wankan da kunun su kaɗai ke jawo ciwon ba. Abin da suka gani ya fi bin masu ciwon shi ne rama, da rashin makaranta, da rashin sana'a, da hawan jinin ciki. A wani binciken kuma sun ga ƙarancin wani sinadari a jinin matan, wai shi seleniyam. Kada wani ya ɗauka mun ce a ɗura wa mai jego kanwa, a'a, mai hawan jini ta bi abin da likita ya ce. Nufinmu a gani cewa laifin da aka daɗe a na ɗora wa kakanninmu mata, da 'yan gida suka sake aunawa sai ga talauci tsaye a wurin. Wannan kuwa magana ce da talaka ya kamata ya ji, masu mulki su ma su ji.

To, yaya mutum ke zama irin waɗannan? Nan ne wuyar ta ke. Yaro ko yarinya ta gama sakandare, ta sami shiga karatun likita, shekara shida ke nan in ba yajin aiki. Sa'an nan shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, da shekara guda ta bautar ƙasa. Sa'an nan a nemi gurbin horon ƙwarewa a fannin mata ko na yara, wanda kan ci shekara biyar ko shida, da jarrabawa hawa-hawa masu tsada, da rubuta kundin bincike kafin a ce an zama babban likita. Ku tara ku gani, shekara goma sha uku ko sha huɗu ke nan bayan sakandare, sa'an nan ne fa mutum zai fara hawan tsanin jami'a daga lakcara zuwa babban lakcara har farfesa. Ko wane mataki kuwa ba a hawansa sai da takardun bincike da aka buga a mujallun ilmi. Waɗansu mujallun nan su kan nemi dala dubu biyu ko uku kafin su buga takarda guda. Ku mai da wannan naira ku gwada da albashin lakcara.

Kuma wane lokaci zai yi binciken? Da safe yana ɗakin duba marasa lafiya, layi har waje. Da rana yana aji. Da dare yana tiyata, ana fiɗa da fitilar waya in wuta ta ɗauke. Binciken sai abin da ya rage na barci. Jami'a kuwa a rufe ta wata tara a 2020, a sake rufe ta wata takwas a 2022, ɗalibin da ya fara tattara alkalumma ya dawo ya tarar matan da ya ke bi sun haihu har sun yaye. Ina mamaki in mutum ya ɗauki jakarsa? A 2024 Ministan Lafiya, Muhammad Ali Pate, ya faɗa da bakinsa cewa likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar. Kuɗin talaka ne ya karantar da su, asibitocin Ingila da Saudiyya ke cin moriya. In babban malami guda ya tafi, ɗaliban da zai yaye cikin shekara ashirin su ma sun tafi tare da shi, ko da ba su motsa daga Kano ba.

Ga 'ya mace abin ya ninka. Shekarun nan na horo su ne daidai shekarun aure da goyo. Ga kwanan asibiti, ga jarrabawa a Ikko ko Ibadan, ga yaro a baya, ga dangin miji na tambaya wai karatun nan ba ya ƙarewa ne? Da yawa su kan tsaya a rabin hanya, alhali su ne aka fi bukata. Matar da ke cikin kulle ba za ta gaya wa baƙon namiji mai riƙe da takarda cikin nawa ta yi ɓari ba, ko abin da ya sa ta ƙi komawa awo, ko yankan gishirin da aka yi mata. 'Yar'uwarta mace mai jin harshenta, wadda ta san yadda a ke sallama a shiga gida a zauna bisa tabarma, ita za ta ji gaskiya. Mu maza mu kan ce ba mu yarda namiji ya duba matanmu ba, sa'an nan mu cire 'ya'yanmu mata daga makaranta a aji uku. To, daga sama macen likitar za ta faɗo?

Kada kuma a ɗauka sai likita kaɗai ke wannan aiki. Unguwarzoma da nas na iya ci gaba da karatu har digiri na uku su yi bincike a kan aikinsu, kuma su suka fi kowa sanin abin da ke faruwa a ɗakin haihuwa da ƙarfe biyun dare. Akwai masu ilmin ƙididdiga, waɗanda in ba su alkalumman ba su magana. Akwai masu gwajin jini, da masu ilmin abinci, da masu ilmin zaman jama'a waɗanda ke binciken dalilin da ya sa a ke jiran maigida ya dawo daga kasuwa kafin a nemi mota. Yaron da ya iya lissafi a shagon ubansa, wanda ke haddace bashin mutum talatin a ka, irinsa a ke nema. Sai dai a yau 'ya'yan talakawa a ƙasan aikin a ke barinsu. Su ne 'yan matan da ke yawo gida-gida cikin rana da takarda ko waya suna tambaya, a biya su na kwana, aiki ya ƙare a sallame su, sunansu bai fito a ko wace mujalla ba, ba kuwa wata hanya da aka shimfiɗa musu ta hawa sama.

Yanzu ga zancen kuɗi. Gwajin ledar nan Gidauniyar Gates ce ta biya. Cibiyar da Farfesa Galadanci ta yi aikin a ƙarƙashinta a Jami'ar Bayero, da kuɗin wani shiri na Bankin Duniya aka kafa ta. Ƙidayar lafiyar da muka ambata, wadda a ke yi tun 1990, hukumar ba da agaji ta Amurka ce ta daɗe tana ɗaukar babban kaso na nauyinta. Mun gode musu, ba mu raina ba. Amma a 2025 gwamnatin Amurka ta rushe wannan hukuma tata cikin 'yan watanni, ayyuka da yawa suka tsaya cik a ƙasashen Afirka, ma'aikata suka koma gida. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Bayan haka, mai biya shi ke zaɓen tambaya. In bana hankalin masu ba da kuɗi yana kan wata cuta, kowa sai ya karkata can, ko da abin da ke cika maƙabartarmu daban ne. Ciwon zuciyar jego bai dami Landan ba, don ba ya kashe matansu kamar yadda ya ke kashe namu.

Alkawari kuwa an sha yi. A Abuja, cikin Afrilu 2001, shugabannin Afirka suka sa hannu cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa kai wa can ba, yawanci ko rabi ba ta cikawa. Waɗansu jihohin Arewa sun rubuta sha biyar ɗin a takarda, abin da aka saki kuwa wani zance ne. A Bamako, a 2008, aka sake jaddada cewa ko wace ƙasa ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin lafiyarta don bincike. Kashi biyu fa, kwabo biyu cikin naira. A tambayi ko wace ma'aikatar lafiya ta jiha ta nuna layin.

Akwai wani dalili kuma da ya sa mu ke son masu binciken su zama namu, mutanen Kano kuwa ba su bukatar a tuna musu. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara 200. Yara 11 suka mutu, waɗansu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Raunin da abin ya bari ya wuce yaran nan. Sa'ad da jita-jita ta tashi a kan allurar shan inna a 2003, har Kano ta dakatar da ita kusan shekara guda, labarin Trovan na cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi, yara da yawa kuwa suka shanye a sakamakon haka, a nan da maƙwabta. Tun 2007 ƙasar nan tana da ƙa'idar da ta ce ba a bincike a kan mutum sai wani kwamiti ya duba ya yarda, sai kuma an yi wa mutumin bayani ya amince. Amma ƙa'ida ba ta tsare kanta. Sai da 'yan ƙasa masu ilmin abin a zaune cikin kwamitin, waɗanda za su iya karanta takardar baƙo su ce masa a'a, kuma waɗanda gobe za su haɗu da iyayen yaran a masallaci ko a wajen biki. Ku ma, in mai bincike ya zo ƙofarku, ku karɓe shi da mutunci, sa'an nan ku tambaye shi wa ya aiko shi, ina takardar izni, me za a yi da jinin ko amsar. Kuna da ikon ƙi, ba kuwa wanda zai hana ku magani don kun ƙi.

Abin da mu ke nema ga gwamnatocin jihohi ba mai yawa ba ne. Ko wace jiha tana da jami'a yanzu, waɗansu biyu. A buɗe guraben bincike na lafiyar uwa da ɗa masu albashi tabbatacce, a rage wa mai riƙe da gurbin kwanakin asibiti da na aji don ya sami sukunin aikin. A sa tallafin karatu ya wuce digiri na farko, a keɓe kaso ga mata da unguwarzomomi, a kuma raba shi bisa ƙananan hukumomi da jarrabawa a fili, don mun san inda irin wannan tallafi ya saba ƙarewa in an raba shi a ofis. 'Yan matan nan masu yawo da takarda, a ɗauki masu hazaƙa cikinsu a mai da su makaranta. Sa'an nan a fara ƙirga. Mai unguwa da liman sun san ko wace mace da aka kai a unguwarsu, abin da ya rage a ba su hanyar kai rahoto, a sami ma'aikacin da zai je ya ji yadda aka yi ba don a kama kowa ba.

Su ma malaman jami'a muna da magana da su. Matanmu kuka ƙirga, jininsu kuka auna, sa'an nan ku rubuta da Turanci a mujallar da ko ɗalibanku ba su iya saye. Wace mai jego ce a Ɗambatta ko Funtuwa ta ji abin da aka gano game da kanwa? Ga gidajen rediyo, ga makarantun Islamiyya na matan aure, ga ranar awo da mata ke zaune a benci sa'a uku suna jira. Ku dawo da amsar inda kuka ɗauko tambayar, da Hausa.

Mu kuma 'yan kasuwa kada mu tsame hannu. Ƙungiyoyinmu na Kwari da Sabon Gari da Dawanau su kan tara kuɗi a gina masallaci ko a yi wa wanda gobara ta ci gudummawa. Ɗaukar nauyin yarinya guda daga cikin 'ya'yan 'yan ƙungiya har ta gama horon ƙwarewa bai fi ƙarfinsu ba. Wanda kuma ya auri mai wannan karatu, ya san tun farko abin da ya ɗauka, ya bar ta ta kai ƙarshe.

Kasafin kuɗin jiha kan zo gaban majalisa ƙarshen ko wace shekara, kuma a kan kira jama'a jin bahasi. Muna roƙon ko wane reshe ya tura mutum biyu, ɗaya mace, su sami ɗan majalisar mazaɓarsu da tambaya uku a rubuce: nawa aka ware wa binciken lafiyar mata da yara bara, nawa aka saki daga ciki, mutum nawa aka ɗauka aikin. Ku aiko mana da amsar da ya bayar da sunansa da mazaɓarsa, za mu buga yadda ta zo. Wanda ya ƙi amsawa, shi ma za mu buga sunansa da fili a gabansa.